Sandar fatsa: ɗaya mai aikin komai, ko kowane kifi da tasa?

Da zarar ruwan damana ya cika tafkuna a ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, sai ka ga samari da magidanta sun jeru a bakin ruwa da fatsa a hannu. A da, reshen itace mai lanƙwasa ko gora, da zare da ƙugiya, sun ishi mutum. Yanzu kuwa 'yan kasuwa na shigo da sandunan fatsa na kanti, yawancinsu ƙirar ƙasar Sin, ta hanyar Kano da Katsina da Jibiya. Wasu ana zuƙe su su koma kamar tsawon kamu ɗaya, wasu na da ƙarfen naɗe zare. Mai saye kan tsaya yana tunani: ya ɗauki guda mai matsakaicin ƙarfi da za ta yi masa kowane aiki, ko ya sayi wadda aka ƙera don kifi iri ɗaya? Ga wanda ya sayar da tiyoyin gero ko wake kafin ya haɗa kuɗin, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Kafin mu dubi sanda, ya kamata mu dubi ruwan tukuna. Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina ya bi ta Tibiri da Gidan Rumji sannan ya sake komawa Najeriya, ba ya gudu sai da damana, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990 manoman fadama ke kukan raguwar ruwansa. Gulbin Kaba da ke ratsa ƙasar Gazawa shi ma kwari ne na goruba, ruwansa na ɗan lokaci ne. Saboda haka masuncin wannan yanki da tafki yake aiki, kuma tafkunan da yawa kan ƙafe kafin bazara. Wanda ke da wata uku ko huɗu na su a shekara, lissafinsa daban ne da na mutumin da ke zaune bakin Kwara.

Sai kuma kifin. Karfasa bakinta ƙarami ne, tana tsakurar abinci a hankali, ga tsoro. Tana son ƙaramar ƙugiya, siririn zare, da doguwar sanda marar nauyi wadda kanta ke rawa da an taɓa tana. Tarwaɗa akasin haka ce. A ƙasan ruwa take kiwo, ta fi fitowa da dare, tana bin wari, kuma idan ta haɗiyi ƙugiya sai ta nufi laka ko saiwoyi da ƙarfi. Siririyar sanda a nan karyewa take yi. Tarwaɗa na da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take jure ruwan da ya yi kauri bayan sauran kifaye sun mutu, shi ya sa kuma ita ce ke daɗewa a tafkunanmu. Gaiwa kam ba ruwanta da gardamar sanda: idan ruwa ya ƙafe takan shige laka ta kwanta har wata damana, da fartanya ake tono ta.

Masu son sanda ta musamman na da hujja. Mai sandar karfasa zai ji taɓi goma da mai kakkaurar sanda ba zai ji ko ɗaya ba, mai sandar tarwaɗa kuma ba zai tsaya yana kallon babban kifi ya tafi da zarensa ba. A Turai da Amurka, inda fatsa wasa ce ta masu hali, ana rubuta wa kowace sanda nauyin da take ɗauka, mutum guda ya ajiye biyar ko shida. Amma mu lura, su nishaɗi suke saye, mu kuwa miya muke nema.

A ganinmu, ga mai fatsa a tafkin damana, sanda guda mai matsakaicin ƙarfi ta fi. Tafki ɗaya ne ke riƙe da karfasa da tarwaɗa, kuma ba ka san wanda zai zo ba. Abin da ke bambanta kamun a gaskiya ya fi yawa a ƙarshen zare: girman ƙugiya, kaurin zare, nauyin dalma, da abin da aka soka, tana ce ko fara ko hanjin kaza. Waɗannan duk da araha ake canza su. Da safe a ɗaura ƙaramar ƙugiya da abin yawo a sama, da magariba a sauya babba a nitsar da ita ƙasa. Ga kuma batun gyara: ƙarfen naɗe zare ba ya shiri da rairayi, kuma idan haƙorinsa ya ci, samun kayan gyaransa a kasuwar ƙauye sai an dace.

Inda muke ganin sanda ta musamman ta biya kuɗinta shi ne ruwa mai kwana shekara, kamar tafkin Madarumfa a kudancin Maraɗi, wanda aka sa cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Wanda ke zuwa irin wannan ruwa kullum yana kai kifi kasuwa, ya san abin da yake farauta, sanda ta biyu ba almubazzaranci ba ce gare shi.

Kada kuma mu manta, manyan masunta ba da sanda suke ciyar da gida ba. Birgi da taru da koma da mamari mai ƙugiyoyi barkatai su ne kayan sana'a, kuma kowane da lokacinsa: koma sai ruwa ya ja baya, mamari a shimfiɗa shi da yamma a duba da asuba. Wanda zai shiga su na sayarwa sai ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji, ya kuma gaida sarkin ruwa in garin na da shi, domin akwai tafkunan da ake zuba musu 'ya'yan kifi a rufe su har sai sun girma. Doka ta hana zuba guba a ruwa, kuma raga mai ƙananan ido na kwashe kifin baɗi tun yana ɗan yatsa. Mai fatsa ma da ya sa ƙugiya ƙarama ƙwarai, irin waɗannan ƙananan zai yi ta cirowa, gara ya mayar da su ruwa tun suna da rai.