Idan kwamfuta ta ƙi mutuwa, kar a yi gaggawar fizge mata wuta

A ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu na Tanut, abu ne da aka saba gani: an tashi daga aiki, an latsa "Arrêter", sai ɗigo-ɗigo su yi ta kewayawa a allo, kwamfuta ta ƙi mutuwa. Da yawa sai su fizge waya daga bango. Daga nan ɓarna take farawa, kuma idan gyaran ya fi ƙarfin na gida, sai an dangana da Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150.

Abu na farko shi ne a tantance ko aiki take yi ko kuwa ta sandare. Idan allo ya nuna "mises à jour" da gargaɗin kar a kashe, to Windows tana sauya fayilolinta ne da sababbi. A tsofaffin na'urori ƴan gwanjo, masu faifan ajiya mai juyawa, wannan aikin yana iya cin awa ɗaya ko fiye. A duba ƴar fitilar faifan: muddin tana ƙyaftawa, aiki ake yi. Yanke wuta a wannan lokacin yana iya barin Windows rabi tsohuwa rabi sabuwa, ta ƙi tashi gaba ɗaya. Shi ya sa bai kamata a soma sabuntawa da batir mai rauni ba, ko a kwamfutar tebur da ba ta da ondiler mai riƙe ta idan kuran na NIGELEC ya ɗauke.

Idan an kai awa biyu, fitilar ta daina ƙyaftawa, babu abin da ya gusa, sai a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Kafin a sake kunna ta, a cire kile USB, injin buga takarda da duk abin da aka jona mata. Sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne mai laifin. Wani lokaci kuma manhaja ce ta ƙi rufewa. Latsa Ctrl, Maj da Échap tare yana buɗe "Gestionnaire des tâches", inda za a rufe ta da hannu.

Akwai wani dalilin da ba kowa ya sani ba. Tun daga Windows 8, a 2012, "Arrêter" ba ya kashe kwamfuta kwata-kwata. Microsoft ta saka tsarin "démarrage rapide", wanda ke adana wani sashe na Windows a kan faifai domin ta tashi da sauri washegari. Matsalar ita ce, idan kuskure ya shiga, shi ma ana adana shi, a tashi da shi gobe da jibi. "Redémarrer" ne ke share komai. Haka ma idan aka danne Maj yayin latsa "Arrêter". Mai fama da wannan kullum gara ya cire tsarin: a "Panneau de configuration" a shiga "Options d'alimentation", sai "Choisir l'action des boutons d'alimentation", a buɗe saitunan da ke kulle, a cire alamar da ke gaban "Activer le démarrage rapide". Ƴan daƙiƙun da za a ƙara wajen kunnawa ba su kai ciwon kan ba.

Ƙurar Damargu da zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, su ma suna da hannu: fanka ta toshe, na'ura ta yi nauyi. Amma idan faifan ya fara ƙara ƙas-ƙas, ko fayiloli suna jinkirin buɗewa, to wataƙila ya kusa mutuwa ne. Kafin a miƙa ta ga mai gyara, wanda wataƙila zai goge komai ya sake zuba Windows, a fara kwashe jerin sunayen ɗalibai, lissafin shago da hotunan iyali zuwa wani faifai dabam.