Mota Mai Rimot: Ta Cikin Ɗaki Ko Ta Fili? Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Saya

Abu ne da ke faruwa kusan duk sallah. Uba ya shiga kasuwa ko shagon intanet, ya ga mota mai rimot mai manyan tayoyi, an rubuta gudun kilomita 60 a jikin kwali, ya biya. Ranar farko yaro ya danne totur a falo, motar ta daki ƙafar kujera, hannun da ke riƙe tayar gaba ya karye. Wani kuma ya sayo 'yar ƙarama mai ƙyalli, yara suka fita da ita ƙofar gida, yashi ya shige giya, kafin la'asar sai kuka take yi ba motsi. A duka biyun ba lallai motar ce ba ta da inganci ba. An kai ta ne inda ba don can aka ƙera ta ba.

Don haka tambayar farko ba ta farashi ba ce: a ina za a tuƙa ta?

Lambar da ke jikin kwali

Kusan kowace mota mai rimot tana ɗauke da lamba irin 1/10, 1/18 ko 1/28. Wannan yana nuna girmanta ne idan aka kwatanta da motar gaske. Motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi, idan aka rage ta zuwa 1/10 za ta dawo santimita 45, a 1/28 kuwa kimanin santimita 16, wato ta zauna a tafin hannu. Ke nan duk yadda lambar ƙasa ta ƙara yawa, motar ƙara ƙanƙancewa take yi.

A taƙaice, 1/24 da 1/28 na cikin ɗaki ne. 1/10 da 1/8 na fili ne. Waɗanda ke tsakiya, irin 1/14 zuwa 1/18, sun fi dacewa da tsakar gida mai siminti ko farfajiyar makaranta.

Sai batun gudu, wanda ƙaramin lissafi ke warware shi. Kilomita 60 a awa ɗaya daidai yake da kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Falon da tsawonsa mita biyar ne, motar za ta ratsa shi cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, kafin yatsa ya koma kan birki. Mai gudun kilomita 10 kuwa ba ta cika mita uku ba a daƙiƙa, kuma ko wannan ma a cikin ɗaki gudu ne sosai.

Na cikin ɗaki

A wannan rukuni sunan da ya fi fice shi ne Mini-Z na kamfanin Kyosho na ƙasar Japan, wanda ya fara fitowa a 1999. Ƙanana ne, suna aiki da batir AAA guda huɗu, kuma duk da ƙanƙantarsu ana yin gasar tsere da su a ƙasashe da dama. Akwai kuma masu zamiya, waɗanda ake sa wa tayoyin roba mai tauri da gangan don su riƙa sulɓewa a kwana. Su ne suka fi jin daɗin tayil mai santsi, inda sauran motoci ke rasa riƙo.

Nau'i na uku su ne masu hawan duwatsu, irin Axial SCX24 mai girman 1/24. Ba a ƙera su don gudu ba, tafiyarsu ba ta wuce ta mutum mai tattaki. Daɗinsu yana wajen hawa: a jera littattafai, filo da takalma, a ga yadda za ta haye ba tare da ta kife ba. Ga gidan da ke da ƙananan yara ko ɗaki mai ƙunci, wannan ce mafi ƙarancin ɓarna.

Babban maƙiyin motar ɗaki shi ne gashi da zaren kafet. Suna naɗewa a bayan taya har su danne ta, injin ya yi zafi. Cire tayoyi a tsince su lokaci zuwa lokaci ya wadatar.

Na fili

Motar fili tana buƙatar abubuwa uku: tazara mai kyau tsakanin cikinta da ƙasa, shokazoba mai mai a ciki wadda ke shanye tsalle, da akwatin giya a rufe. Misali sananne shi ne Traxxas Slash mai girman 1/10, wadda kamfanin Traxxas na Amurka ya fitar a 2008. Tsawonta ya haura rabin mita, nauyinta ya kai kilo biyu. Abu mai wannan nauyi idan ya daki idon sawun yaro da gudu, rauni ne na gaske, shi ya sa wurinta filin ƙwallo ne lokacin da babu mutane, ba layin unguwa da babura ke wucewa ba. A ɓangaren masu sauƙin kuɗi akwai WLtoys 144001 mai girman 1/14, wadda kamfanin ke cewa tana kai kilomita 60 a awa.

A ƙasa mai yashi, wadda dukkan tayoyinta huɗu ke ja, wato mai alamar 4WD, ta fi saurin fita daga tarko. Mai jan tayoyi biyu kuwa ta fi sauƙin gyara saboda kayan cikinta ba su da yawa.

Ƙura ita ce ke cin motar fili a hankali, musamman lokacin hunturu. Tana shiga boris da giya, ta haɗu da man shafawa ta zama kamar sanfefa. Bayan kowane wasa a goge ta da buroshin fenti busasshe. Ko an rubuta cewa ba ta jin ruwa, wannan ya shafi kayan lantarkinta ne kawai. Boris da kusoshi za su yi tsatsa idan ba a busar da su ba.

Akwai kuma masu injin mai da ake kira naitiro, masu shan haɗin metanol da naitirometen da man shafawa. Suna da ƙara da hayaƙi, ba a kunna su a ɗaki ko kusa, kuma mansu ba a gidan mai ake sayar da shi ba. Ga mai farawa, ta batir ta fi.

Ta wasan yara da ta 'yan sha'awa

Bambancin da ya fi girma muhimmanci shi ne wannan. A motar wasan yara, sitiyari da totur kamar makunnin fitila suke: ko a kashe ko a kunne gaba ɗaya. A ta 'yan sha'awa, gwargwadon yadda aka matsa gwargwadon yadda take amsawa, don haka ana iya tafiya a hankali ko a karya kwana kaɗan. A cikin ɗaki wannan shi ne ke raba tuƙi da karo. Ana iya gwadawa tun a shago: a juya sitiyarin rimot kaɗan, idan tayoyin gaba suka juya kaɗan, to mai kyau ce.

Na biyu, ta 'yan sha'awa ana kwance ta da sukundireba, kuma kowane ɓangare yana da lamba ana sayar da shi daban. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a rubuta sunan motar a intanet a ga ko ana samun hannun taya, giya da shokazobarta. Motar da ba ta da kayan gyara, karyewar farko ita ce ta ƙarshe.

Rimot ma abin dubawa ne. Tsofaffin masu 27MHz ko 49MHz, idan motoci biyu suka haɗu a zango ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya riƙa juya motar wancan. Masu 2.4GHz kowace tana ƙulle da rimot ɗinta, yara goma za su iya wasa tare. Wasu 'yan mitsi-mitsi kuma da hasken infared suke aiki kamar rimot ɗin talabijin, kuma hasken rana yana rikita su, don haka ba su da amfani a waje.

Batir: inda hatsarin yake

Batir iri biyu aka fi samu. NiMH ya fi nauyi amma ya fi haƙuri da ganganci, shi ya fi dacewa da yara. LiPo ya fi ƙarfi da sauƙin nauyi, amma yana da dokoki. Kowane ƙwaya ɗaya volt 3.7 ne, idan ya cika 4.2, kuma barinsa ya sauka ƙasa da 3.0 yana lalata shi. Mai alamar 2S ƙwaya biyu ne, 7.4, mai 3S kuwa 11.1. Ana cajinsa da cazar da aka yi dominsa kawai, a kan siminti ko tayil, ba a kan katifa ba, kuma ba a jona shi a tafi barci ana jiran a kawo wuta. Ba a barinsa cikin motar da ke fake a rana. Idan za a ajiye shi na makonni, a bar kowane ƙwaya a kimanin 3.8. Wanda ya kumbura ko ya huje a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Ƙananan motoci suna da wata fa'ida a inda wuta ba ta tsayawa: da yawansu da wayar USB ake cajinsu, fawa bank ma ya isa.

To wacce za a ɗauka?

Idan falo ne kawai ko ɗakin haya, a nemi 1/24 ko 1/28 mai totur mai bin hannu. Idan akwai tsakar gida mai siminti, mai hawan duwatsu ta 1/18 irin Traxxas TRX-4M tana yin ciki da waje saboda ba ta da gudu. Idan akwai fili a kusa kuma mai tuƙin ya girma, sai 1/10, tare da ware wani abu cikin kuɗin don batir na biyu da kayan gyara. A duba shekarun da aka rubuta a kwali: yawancin na 'yan sha'awa daga shekara 14 ne, kuma ƙananan kusoshi da batura a nisanta su daga yaron da bai kai shekara uku ba.