Bin Sawun Kibiya da Hukuncin Naman da Ya Kwana a Daji

A ƙasar Gwarzo da Kabo, daga Getso har Garo, idan rani ya yi aka ɗebe amfanin gona, mafarauta sukan fita da karnuka da gora, kaɗan daga cikinsu da kwari da baka. Daji ya zama gona, barewa ta yi wuyar gani, abin da ya rage yawanci zomo ne da gafiya da makwarwa, sai gada jefi-jefi. Amma mas'alar da malamai suka tattauna tun zamanin Imamu Malik, wanda ya rasu shekara ta 179 bayan Hijira, tana nan: maharbi ya harbi dabba, ta gudu da kibiya a jikinta, ya same ta matacciya. Nama ce ko mushe?

Maharbin da ya ƙware ba ya tashi daga inda ya saki tsirkiya sai ya lura da bishiyar da dabbar ta ɓuya bayanta. Daga nan ya bi sawu, yana duban ɗigon jini a kan ciyawa da karyayyen kara. Jini mai kumfa alama ce kibiya ta sami huhu, dabbar ba za ta yi nisa ba. Wanda ya fito da ƙazantar tumbi kuwa, tafiya ce doguwa, watakila har rana ta faɗi.

A nan fiƙihu ya shigo. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386, ya bayyana a Risala cewa abin da kibiyar mutum ta kashe halal ne muddin bai kwana ba a same shi ba, kana ya kawo wani ƙauli mai sassautawa idan an iske kibiyar a makasa. Muhtasar na Shehu Halilu ya fi tsanantawa. A wurinsa ba a cin naman idan maharbi ya yi sanyin jiki wajen bi, sai fa in ya tabbata ko ya yi sauri ba zai riske ta da rai ba; haka nan idan ya bar wuƙarsa hannun yaro ko cikin mangala har dabbar ta mutu kafin ya ɗauko. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi izinin ci bayan kwana ɗaya ko biyu in babu wani miki sai na kibiyar mai harbi, ya kuma hana wadda aka tsamo a ruwa, domin ba a san wanne ya kashe ta ba.

Wannan dalili shi ya kama kibiya mai dafi. Maharban Hausa sun daɗe suna dafa 'ya'yan kwankwani su shafa wa kibiya, dafi ne mai tsayar da zuciya. Halilu ya jera shi tare da ruwa: in an iske dabbar ta mutu, ba a tabbata ƙarfe ne ya kashe ko guba ba, ba a ci. Yanke naman da ke kewaye da mikin a yar, kamar yadda maharba suka saba, yana tsare ciki ne, bai warware hukunci ba. Mafita ita ce a riske ta da sauran rai a yanka.

To, a Amurka, inda harbi da baka yake da lokacinsa a shekara da takardar izini, maharba sun ƙago dabaru saboda wannan wahala. Ta farko zare ne siriri a naɗe jikin baka, an ɗaure bakinsa ga kibiya, dabba tana gudu yana warwarewa, sai dai ƙaya takan tsinke shi. Sa'an nan suka sa 'yar fitila a gindin kibiya, wadda ke kamawa da an saki tsirkiya, a ga inda ta shiga ko da almuru. Daga baya aka yi 'yar na'urar rediyo mai ƙugiya, tana maƙalewa a fatar dabba ko kibiya ta fice, maharbi yana biye da abin karɓar saƙonta a hannu. Waɗansu jihohinsu sun yarda da ita, waɗansu sun hana.

Kayan nan an yi su ne domin kibiyoyin kamfani, ba domin kyauro ba. Amma da za su iso Gwarzo, babu laifi a kansu ta fuskar shari'a, tun da suna gaggauta riskar dabba kafin dare ya raba. Iyakar aikinsu ke nan. Ba sa ambaton sunan Allah a madadin maharbi, ba sa ɗauke shakkar dafi, fitilar kuma tana iya zuga mai gaggawa ya yi harbi da magariba, lokacin da ya kamata ya rataye baka.

Ɗan kasuwar da aka kawo wa ƙyafaffen naman daji ba ya iya ganin komai daga wannan a jikin naman, hayaƙi ya riga ya rufe miki. Abin da ya rage masa shi ne ya tambayi wanda ya kawo: da me aka harbe ta, an riske ta da rai an yanka, ko sai da gari ya waye aka tsince ta?