Mako Guda A Kan Teku: Abin Da Baƙuwar Jirgin Ruwa Ta Kan Gani

A wannan mako zancenmu na tafiya ne, amma irin tafiyar da yawancinmu ba mu saba ji ba. Mu dai mun san in mutum ya ɗaura kaya, to, akwai inda ya nufa: ko biki, ko gaisuwa, ko fatauci, ko makaranta. Amma akwai wata tafiya da a ke yi cikin jirgin ruwa, a yi kwana bakwai ana yawo bisa teku, sa'an nan a komo daidai inda aka tashi. Shan iska ne kawai da buɗe ido. Ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswirar duniya ku ajiye kusa, don za ta yi muku amfani.

Dā can jirgin ruwa abin sufuri ne. Mutanenmu da suka tafi Ingila karatu sun shiga wani jirgi mai suna Aureol, na kamfanin Elder Dempster, wanda ya fara aiki a 1951. Daga Ikko zuwa Libaful kusan mako biyu ya kan yi. Da jirgin sama ya yawaita sai fasinja suka guje shi, har aka daina wannan zirga-zirga a 1974. Masu jiragen ruwa a ƙasashe dabam dabam da suka ga haka, sai suka juya sana'ar, suka mai da jirgin kansa wurin hutu.

Inda aka fi yin wannan yawo shi ne yankin Karibiyan, watau kudu maso gabas da Amurka, inda tsibiran Bahamas da Kuba da Jamaika su ke. Ƙasar zafi ce kamar tamu, ba su san ƙanƙarar hunturu ba. Da yawa cikin jiragen daga birnin Mayami su ke tashi. To, bari mu ce ke ce baƙuwa, yau ne farkon shigarki.

Ranar Shiga

Abin da zai fara ba ki tsoro shi ne girman jirgin. Akwai wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Tsawonsa kusan ƙafa 1,200 ne, watau ya fi filin ƙwallo uku a jere. Hawa 20 gare shi. In ya cika ya kan ɗauki fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Ki duba fa, mutanen gari guda ke nan a kan ruwa.

A bakin tasha za a duba fasfo ɗinki da biza. Dokokin biza su kan sauya, saboda haka sai an bincika tun kafin a biya kuɗin jirgi. Daga nan a ba ki wani ɗan kati. Shi ne mabuɗin ɗakinki, shi ne shaidarki ta shiga da fita, kuma da shi za ki sayi kome a cikin jirgi. Ki riƙe shi kamar yadda ki ke riƙe mabuɗin akwatinki.

Ɗakin ƙarami ne, amma ba abin da babu: gado, da makewayi, da wurin rataye tufafi. Mafi araha su ne na can ciki, waɗanda ba su da taga. A cikinsu in kin kashe fitila ba ki sanin dare, ba ki sanin rana. Masu taga sun fi tsada, masu ɗan baranda kuwa sun fi duka.

Kafin jirgi ya tashi dole ne kowa ya san inda zai taru in hatsari ya auku, ya kuma koyi sa rigar da ke hana nutsewa. Kada ki ɗauki wannan wasa. A 1912 jirgin Titanic ya nutse, mutum fiye da 1,500 suka hallaka, don ƙananan jiragen ceto ba su ishi mutanen ciki ba. A 2012 kuma jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, waɗansu fasinjan kuwa ba a riga an nuna musu abin da za su yi ba. Tun daga nan aka tsananta doka, aka ce a yi wannan koyo tun jirgi bai bar tasha ba. In kina da yara, ki kai su wurin taruwar da ƙafarsu, su gani da idonsu.

Jiri Da Tashin Zuciya

Daren farko shi ne gwajin baƙuwa. Waɗansu ba su jin kome, waɗansu kuwa sai jiri da tashin zuciya. Ga dalilinsa. A can cikin kunnen mutum akwai wani ɗan ruwa wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. In kina zaune a ɗaki, kunne na cewa ana lilo, ido kuwa na cewa bango na tsaye cik. Wannan saɓani shi ke ruɗa ƙwaƙwalwa har ciki ya murɗa.

Maganinsa ba wuya. Ki fita waje ki sha iska, ki kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Ki ci abu busasshe kaɗan, ki bar mai maiƙo. Citta tana taimakon mutane da yawa, akwai kuma ƙwayoyi a wurin likitan jirgi. Wadda ta san mota na sa ta amai, gara ta nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa, don nan ne lilo ya fi sauƙi. Manyan jiragen yanzu suna da waɗansu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi. Galibi bayan kwana ɗaya ko biyu jiki ya saba.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a sani. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne lokacin babbar guguwa a wannan teku. Kuɗin jirgi ya kan sauka cikin waɗansu watannin, amma kyaftin na iya sauya hanya, tsibirin da ki ka sa rai ki gani a wuce shi.

Zaman Cikin Jirgi

Ke uwargida, ga abin da zai fi ba ki mamaki: mako guda cur ba hura wuta, ba wanke-wanke, ba shara. Abinci a shirye ya ke tun safe har dare, an jera shi, kowa ya ɗebi abin da ya ke so. Wadda ba ta cin naman alade sai ta faɗa tun da wuri, ta kuma riƙa tambaya, za a nuna mata abin da ya dace da ita. Ruwan sha kuwa, yawancinsa daga tekun a ke ɗebowa, injin ya raba shi da gishiri.

Amma inda mutum dubbai ke cin abinci wuri ɗaya, cuta ba ta da wuyar yaɗuwa. Akwai wani ciwon amai da gudawa da ya kan kama fasinja, don haka za ki ga wurin wanke hannu a ƙofar ɗakin cin abinci. A 2020 cutar korona ta shiga jirgin Diamond Princess a Japan, ta kama mutum fiye da 700. Wanke hannu da sabulu da mu ke koya wa yara a aji, ashe har a tsakiyar teku yana da rana.

Sai zancen kuɗi. Kuɗin da ki ka biya tun farko na ɗaki ne da abinci da wasanni. Lemon kwalba, da hoto, da intanet, da yawon cikin tsibiri, galibi duk dabam a ke biya. Akwai kuma ladan ma'aikata da a ke rubuta wa kowane fasinja kullum. Da ya ke kati a ke miƙawa, hannu ba ya jin fitar kuɗi, sai ranar ƙarshe a kawo lissafi ido ya raina fata. Mace mai tattali sai ta yanke abin da za ta kashe kowace rana, ta duba lissafinta kowane dare.

Ki kuma lura da masu yi miki hidima. Da yawansu mutanen Filifin ne da Indiya da Indunusiya. Su kan yi wata shida ko fiye ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kullum ba ranar hutu, suna aika kuɗi gida. Cikinsu akwai mata masu 'ya'ya kamarki. Gaisuwa da sakin fuska ba su rage miki kome.

Sauka A Tsibiri

Da asuba sai ki farka ki ji jirgi ya tsaya. In Nasau ce, babban birnin Bahamas, za ki ga ruwa garau har kina hango yashin ƙasa, da kasuwar mata masu saƙa huluna da kwanduna. In Jamaika ce, kusa da garin Ocho Rios akwai wani ruwa mai gangarowa bisa duwatsu kamar matakala, ana ce da shi Dunn's River, baƙi su kan riƙe hannun juna su hau.

A nan ne za ki tsaya ki yi shiru. Yawancin mutanen waɗannan tsibirai baƙar fata ne kamarmu. Kakanninsu daga Afirka aka kwashe su cikin jiragen bayi, da yawa daga Afirka ta Yamma, aka kai su noman rake. Ingila ta yi dokar hana bauta a ƙasashen da ta ke mulki, ta fara aiki a 1834, bayin suka sami cikakken 'yanci a 1838. Jamaika ta sami mulkin kanta a 1962, Bahamas kuwa a 1973. Tekun da ki ke shan iska a kansa, waɗansu sun ƙetare shi cikin sarƙa.

Shaidar zumuncin tana cikin tukunya. Za ki ga kuɓewa a kasuwa. Za ki ga zoɓorodo, su ma da citta su ke haɗa shi, sun fi shansa lokacin Kirsimeti, sai dai ki tambaya kafin ki sha, don waɗansu na zuba masa barasa. Abincin da Jamaika ta fi alfahari da shi kuwa, da 'ya'yan wani itace a ke yinsa tare da kifi mai gishiri. Su suna kiransa aki, mu kuwa gwanja kusa, daga Afirka ta Yamma aka kai shi. Matan can sun san ba a cinsa sai ya buɗe da kansa a kan itace, don ɗanyensa dafi ne.

Gargaɗi ɗaya kafin ki yi nisa cikin kasuwa. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Ki saita agogonki da na jirgi, don wani lokaci ya kan bambanta da na gari, ki komo da sauran sa'a guda. Wadda aka bari, ita za ta nemi hanyar cim ma jirgin da kuɗinta.

Ran kwana na bakwai da dare a ke fitar da akwatuna ƙofar ɗaki, da safe a sauka a Mayami. Kada ki ji tsoro in kin taka ƙasa kin ji kamar tana lilo. Jiki ne bai manta da teku ba, zai daina.

Ba kowace cikinmu za ta sami halin wannan tafiya ba, gama kuɗinta da yawa. Amma sanin yadda duniya ta ke ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Ku 'yan makaranta, ga aiki: ku nemo Mayami da Nasau da Jamaika a taswira, sa'an nan ku ja yatsa daga Ikko zuwa can, ku ga faɗin ruwan da ke tsakani. Wadda ta taɓa shiga jirgin ruwa, ko da na Kwara ne ko na Binuwai, ta rubuto mana yadda ta ji. Sai mako mai zuwa.