Littafi mai magana: mutum guda, muryoyi da yawa

Akwai littafin da ba a karanta shi da ido, sai da kunne. Mutum guda ne ke zama ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ana ɗaukar muryarsa. Daga baya, duk wanda ke so sai ya saurara.

Mafarin abin

A shekarar 1877 ne wani mutumin Amurka, Thomas Edison, ya ƙera na'urar da ke kama murya ta kuma maido ta. Tun a lokacin ya hango za ta amfani makafi. Amma sai a 1934 aka soma raba ma makafin Amurka littattafai bisa faifan garmaho. Ingila ta bi sahu a 1935, saboda sojojin da suka rasa idanunsu a yaƙin duniya na farko. A Amurka, gefe guda na faifai bai wuce kamar minti 15 ba, don haka littafi ɗaya kan ci faifai da yawa.

A 1961, a ƙasar Masar, Shehu Mahmud Halil al-Husari ya ɗauki karatun Alƙur'ani duka, izu 60, da muryarsa shi kaɗai. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, kaya suka yi sauƙi. Yau kuwa, salula guda tana ɗaukar littattafai barkatai, har da na Hausa.

Aikin mai karatu

Aikin ba wasa ba ne. Mai karatu yakan fara karanta littafin shi kaɗai, don ya san halin kowa a cikin labarin. Sa'an nan ya ba sarki muryarsa, ya ba tsohuwa tata, ya ba yaro tasa, kamar yadda kaka ke yi ma gizo da ƙoƙi wajen tatsuniya. Muryar da ya ba mutum a farko, tilas ya riƙe ta har ƙarshe. In ya canza, mai saurare ya ɓace. Wani ɗan Ingila, Jim Dale, ya yi muryoyi fiye da 100 cikin littafi guda. In harshe ya sarƙe, ko zakara ya yi cara kusa, sai a koma a sake.

Amfaninsa a karkara

Makiyayi na bayan dabbobinsa yana saurare. Mace na sussuka tana saurare. Tsohon da idonsa ya raunana bai rabu da labari ba.

Amma a yi hattara. Mai saurare kawai, abin da aka zaɓa masa shi zai ji. Kaset ba ya karanta takardar asibiti, ko rubutun da ke jikin buhun taki, ko takardar sayen gona. Dabara ita ce wanda ya koyi karatu ya riƙe littafin a hannu, murya na tafiya, yatsansa na bin layi. Da haka kunne zai ja ido, har ranar da shi ma zai zauna a dandali ya karanta ma ƴan garinsu.