Finafinan Kaboyi da Waƙoƙinsu

Kalmar "kaboyi" ba Hausa ba ce tun asali, daga Ingilishi aka aro ta. Ana nufin makiyayin shanu mai hawan doki a yammacin Amurka. Hausawa sun san ta ne ta hanyar silima, domin gidajen silima na Kano sun daɗe suna nuna irin waɗannan finafinai. A cikinsu za ku ga dawaki da bindigogi da daji mai faɗi. Amma akwai wani abu da ya kamata ku lura da shi, wato waƙa. Sau da yawa waƙar fim takan kai inda fim ɗin kansa bai kai ba.

Ku ɗauki misalin fim ɗin High Noon, wanda ya fito a shekarar 1952. Gary Cooper ne ya fito a matsayin Will Kane, shugaban 'yan doka na wani ƙaramin gari. A ranar aurensa sai ya sami labari cewa wani mugu da ya taɓa kai wa kurkuku zai dawo a jirgin ƙasa na sha biyun rana don ya rama. Kane ya nemi taimakon mutanen gari, amma kowa ya juya masa baya. Ita ma amaryarsa ta ce za ta tafi.

Da waƙa aka buɗe wannan fim. Dimitri Tiomkin ne ya tsara kiɗan, Ned Washington ya rubuta baitocin, Tex Ritter kuma ya rera. A cikinta ango yana roƙon amarya kada ta gudu ta bar shi. Kane mutum ne mai shiru, ba ya faɗin tsoronsa. Saboda haka waƙar ce take faɗa mana abin da ke zuciyarsa. Ta sami lambar yabo ta Oscar, kuma bayanta masu shirya finafinan kaboyi da yawa suka riƙa buɗe nasu da waƙa.

Wani lokaci kuma waƙar ba ta cikin fim ɗin, amma shi ne ya haife ta. A fim ɗin The Searchers na 1956, John Wayne yana yawan maimaita wata magana. Wani saurayi mai suna Buddy Holly ya kalli fim ɗin tare da abokinsa, suka mai da maganar sunan waƙa. Waƙar ita ce "That'll Be the Day", wadda ta shahara a 1957.

Kiɗa ma yakan yi irin wannan tafiya. A 1966 Sergio Leone, mutumin Italiya, ya shirya The Good, the Bad and the Ugly, Ennio Morricone kuma ya tsara kiɗansa. Bayan shekara biyu Hugo Montenegro ya sake buga kiɗan a faifai, ya zama na ɗaya a Ingila. Har yau mutane da yawa sun san shi ba tare da sun ga fim ɗin ba.

Me ya sa haka? Fim yana bukatar wuri da lokaci da kuɗin shiga. Waƙa kuwa rediyo kaɗai take bukata, ko bakin mai rerawa. Don haka idan kun kalli fim, ku buɗe kunne kamar yadda kuka buɗe ido.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar "kaboyi"?
2. Don me Will Kane ya nemi taimako?
3. Wane aiki waƙa ta yi a fim ɗin High Noon?
4. Rubuta jimloli biyar a kan wata waƙar fim da kuka sani.