Tsohon ekran ya ƙi aiki da sabuwar kwamfuta? Kada ku yi saurin yar da shi

Daga garin Diffa har Geskeru da Shetimari, abin yakan faru haka: ɗan uwa da ke Yamai, Libiya ko Faransa ya aiko da sabuwar kwamfutar hannu. A jona ta da tsohon ekran na makaranta ko na ofishin ƙungiyar manoman tattasai, sai ya tsaya baƙi ƙirin, a ce ai ya mutu. To jama'a, sau da yawa lafiyarsa lau.

Matsalar tana wajen mahaɗi. Tsofaffin ekran suna aiki da VGA, mahaɗin nan mai kan shuɗi da ƴan allurai 15, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987. Sababbin kwamfutoci kuwa HDMI ko USB-C gare su. Yadda suke aika hoto ya sha bamban da na VGA, kamar mai jin Barbarci kaɗai ya gamu da mai jin Faransanci kaɗai. Dole sai da tafinta.

Tafintan shi ne adaftata, ɗan akwati mai juya hoton HDMI ya koma na VGA. A nan ake yawan asarar kuɗi, don hanya ɗaya yake bi. Ku ce ma mai shago daga HDMI zuwa VGA kuke so. Na VGA zuwa HDMI ba zai yi muku aiki ba. Wayar banza wadda ba ta da na'urar juyawa a ciki ita ma ba ta yi. Wasu adaftata sai an ƙara musu wuta ta USB. Kuma ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba.

In an jona amma shiru, a bi waɗannan a jere. A duba ko ƴar fitilar ekran ta kama. A zare wayar VGA, a hure ƙura, a ga ko wata allura ta lanƙwashe, a mayar a ɗaure sukurorin biyu. A danna maɓallin Source na ekran a zaɓi VGA. Sannan a danna Windows da P tare, a zaɓi Dupliquer. Idan ya rubuta Hors plage, hoton ya fi ƙarfinsa ne: a rage shi zuwa 1024 x 768, a kan 60 Hz. Murya kuwa, VGA ba ya ɗaukar ta, daga kwamfuta za ta fito.

Kafin a kai ma mai gyara, a gwada ekran ɗin da wata kwamfuta. In ya nuna hoto, ba shi da laifi.

Ƴan uwa na waje, don Allah in za ku aiko da kwamfuta, ku sa a turo muku hoton bayan ekran ta WhatsApp, ku haɗo da adaftatan da ya dace cikin saƙo ɗaya.